Likita ta ce in riƙa tafiya, Alhaji ya ce in zauna

Assalamu alaikum Anti Likita,

Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Ni mace ce mai shekara 49, 'ya'yana shida, a Kano nake zaune. Rabona da ganin al'ada wata goma sha huɗu ke nan. Tun kafin ta ɗauke gaba ɗaya na shiga wani hali: zafi ya taso min daga ƙirji zuwa fuska ko da tsakiyar hunturu, in farka ƙarfe biyun dare rigar barcina sharkaf da gumi, daga nan ba ni ba barci har kiran assalatu. Ga saurin fushi, har yara suka koma kaffa-kaffa da ni. Siket ɗin da na ɗinka da ƙaramar sallar bara yanzu zif ɗinsa ba ya rufuwa.

Da farko na ɗauka jifa ne, har rubutu na sha. Da na je asibiti likitar mata ta ce shekaru ne, yawancin mata tsakanin 45 da 55 abin ke zuwar musu. Ta ce wani sinadarin jikin mace da ake kira estirojin ne ya ja baya, kuma da ya ragu ƙashi ke fara yin rauni, kitse ya taru a ciki, hatsarin ciwon zuciya ya ƙaru. Ta auna ni, jinina ya ɗan hau. Sai ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, a haɗa da ɗaga abu mai ɗan nauyi kwana biyu a mako.

Na ari kambas ɗin 'yata, ni da maƙwabciyata muka fara zagaya filin firamaren unguwarmu bayan sallar asuba, da hijabanmu har ƙasa. Ranar farko zagaye biyu na yi ina haki. Cikin mako shida na kai takwas. Zafin nan bai daina ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma barci ya dawo, jikina ya saki, faɗan da nake yi ma ya ragu.

Ana haka wani abokin Alhaji ya hango mu, ya kai maganar majalisa: wai ko amarya Alhaji zai yi ne Hajiya ta shiga gyaran jiki? Aka yi ta dariya. Ya dawo gida rai a ɓace ya ce kada in sake fita, aikin gida ma motsa jiki ne, Inna ta haura tamanin ba ta taɓa zagaya fili ba. Na yi shiru. Amma ai Inna surfe ta yi, ta yi daka, ta ja guga a rijiya. Ni fa? Markaɗe inji, ruwa famfo, unguwa a adaidaita, shara da wanke-wanke kuma 'yan matana sun karɓe.

Yau sati uku ina zaune, rashin barcin ya dawo.

Anti, shara da girki suna shiga cikin minti 150 ɗin, ko sai wanda ya sa mutum haki? Tsakar gidanmu taku goma sha biyar ce; in na yi ta kai da kawowa a ciki zai wadatar? Galan ɗin ruwa zai iya zama abin ɗagawar? Gwiwata ta dama tana ƙara in na tashi daga sujada, in ci gaba ko in dakata? Wanda ya fi damuna kuma, ta ina zan ɓullo wa Alhaji? Mutumin kirki ne, surutun mutane ne ba ya so. Na yi tunanin mu je wajen likitar tare ya ji da kunnensa, sai dai ina tsoron ya ce ƙararsa na kai.

Don Allah a sakaya sunana.

Taki,
Wata uwa daga Kano