Godiya ga ma'aikatan Diamond Light Source

Zuwa ga ma'aikatan sashen B24 na cibiyar Diamond Light Source da ke Harwell, kusa da Oxford a Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa. Ni ɗaliba ce mai binciken ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, kuma na ga ya dace a yi wannan godiya a bainar jama'a, da harshen mutanen da cutar ta fi addaba.

A gida, in an ce eksire, hoton ƙirji ko na karaya ke zuwa wa mutum a rai. Naku daban ne. Zoben na'urarku mai samar da hasken eksire ya haura mita 560 a kewaye, yana aiki tun 2007, kuma hasken da sashenku ke tatsa daga cikinsa mai laushi ne: yana ratsa ruwa, amma sinadarin kabon da ke jikin ƙwayoyin halitta yana shanye shi. Shi ya sa ake ganin cikin jan ƙwayar jini guda ɗaya ba a yanka ta ba, ba a rina ta ba, har a ga abin da kaurinsa yake kusan nanomita 25. Silin gashi ya ninka wannan kauri sau dubu uku.

Ranar farko na kwafsa. Samfuran jinin da na daskarar a kan wasu ƴan faya-fayai masu faɗin milimita 3, ƙanƙararsu ta yi kauri, allo ya fito baƙi ƙirin. Har na fara tattara jakata. Wata ma'aikaciyarku ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ba faɗa ba tsaki, ta nuna min yadda ake tsane ruwan da takarda kafin a tsunduma faifan cikin ruwan sinadarin itan (ethane) mai sanyi da ke daskarar da shi nan take. Muka sake.

Sai wajen sha ɗayan dare hoton ya haɗu, bayan na'ura ta yi ta karkata samfurin kaɗan-kaɗan tana ɗauka. Ga ƙwayar cutar kwance cikin jinin, ga ƴan duwatsun da take curawa daga ragowar jinin da ta cinye don kada gubarsa ta kashe ta. Wannan curin ne kulorokwin ke hanawa. Tun ina ƙarama nake haɗiyar maganin nan ina ɓata fuska, sai ranar na ga fagen da yake yaƙinsa.

Ko kwabo ba ku karɓa ba. Takardar neman gurbi ce aka tantance. Mu da har yau babu irin wannan na'ura a duk faɗin Afirka, mun san darajar hakan.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Taku,
wata ɗalibar digiri na uku