Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ken Skates, Lokacin da Yake Ministan Sufuri na Wales: A Bar Mana Mil 20 a Unguwanninmu

Mai girma Minista,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciya ce mai kula da tsofaffi a gidajensu a nan Cardiff, kuma uwar yara uku. Wuni nake yi a mota, daga Grangetown zuwa Splott, gida takwas ko tara kafin in tashi aiki. Don haka dokar mil 20, wadda ta rage iyakar gudun mota a titunan cikin gari daga mil 30 zuwa mil 20 a awa, ba labarinta aka ba ni ba, a jikina nake jin ta.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar 17 ga Satumban 2023 da dokar ta fara aiki raina ya ɓaci. Mintunan da ake ba mu tsakanin gida da gida dama ba sa isa, sai ga shi an ce titin da muka saba bi a mil 30 yanzu mu bi shi a 20. Lokacin da takardar koken a soke dokar ta tara sa hannun mutum kusan 470,000, wadda majalisar dokokin Wales, wato Senedd, ba ta taɓa ganin irinta ba, na fahimci fushinsu. Da yawansu direbobin tasi ne da masu kai kaya da irinmu, mutanen da abincinsu ke kan hanya.

Abin da ya sauya min tunani ya faru ne wata yamma cikin hunturu. Ƙarfe 4 da ɗan wani abu amma duhu ya riga ya shigo, ana yayyafi, layin kuma irin namu ne, gidaje manne da juna, motoci a jere hagu da dama. Sai kawai wani yaro da bai wuce shekara 6 ba ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu a kan ɗan kekensa. Na take birki da dukkan ƙarfina. Motar ta tsaya, tsakaninta da shi bai fi kamu biyu ba. Har yau ina ganin jar hularsa da yadda ya zaro ido. Uwarsa ta fito a guje ba ko takalmi, ta rungume shi, ni kuwa na fi minti biyar hannuna na rawa a kan sitiyari ina maimaita Innalillahi.

Littafin ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya ya ce mota mai tafiya a mil 20 tana buƙatar mita 12 kafin ta tsaya, mai mil 30 kuwa mita 23. Na haddace wannan don jarrabawar lasisi, amma sai a daren nan na san ma'anar mita 11 ɗin da ke tsakani. A cikinsu yaron yake tsaye.

Alƙaluman gwamnatinku ma sun nuna haka. A shekarar farko, waɗanda hatsari ya rutsa da su a titunan mil 20 da 30 sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni kuma sun ragu da kusan 100. Ba mu kaɗai ba ne kuma, Sifaniya ta mayar da yawancin titunan cikin garuruwanta kilomita 30 a awa tun 2021.

Na yarda an yi kuskure a wasu wurare. Akwai manyan hanyoyi masu faɗi, ba gida ba makaranta, da aka sa musu 20 ba dalili, kuma su ne suka ja wa dokar baƙin jini. Da ka ce a Afrilun 2024 za ka saurari jama'a, ka kuma ba ƙananan hukumomi sabuwar ƙa'ida a Yuli kan titunan da za a iya mayarwa mil 30, ban ga laifinka ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsorona shi ne kada gyaran ya zarce, musamman da jam'iyyar Conservative ke alƙawarin soke dokar gaba ɗaya bayan an kashe mata fam miliyan 32, kuma kowane ɗan siyasa ya san direbobi sun fi kowa ƙarfin murya.

Wa ake tambaya idan za a mayar da titi mil 30? Galibi mai waya a hannu da lokacin cike fom a intanet. Akwai wata dattijuwa da nake kula da ita, ta haura 80, da sandar dogarawa take tsallaka titi zuwa kantin magani. Ta gaya min yanzu tana iya fita ita kaɗai, domin motoci na ba ta lokaci. Ba ta da kwamfuta, ba kuma wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya ji ta bakinta. Yaran firamare ma ba su da ƙuri'a.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk titin da ke da gidaje a bakinsa, ko makaranta, ko asibiti, ko wurin ibada, a bar shi a mil 20 ko da wane irin matsi aka yi maka. Kafin a taɓa wani titi kuma, a tura ma'aikata su bi gida-gida a layin, da rana, lokacin da tsofaffin suke nan.

Taka mai biyayya,
Wata ma'aikaciyar kula da tsofaffi, Cardiff