A daina zagin King don a yabi Malcolm X

Ya Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Duk shekara da Fabrairu ta kama sai matasanmu su cika Facebook da hoton Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, wanda aka harbe a New York ranar 21 ga Fabrairu 1965. Ni ma ina son bawan Allahn nan, ya bar ƙungiyar Elijah Muhammad, wato Nation of Islam, ya je Hajji a 1964, a shekarar ma har Ibadan ya zo ɗalibai suka raɗa masa suna Omowale. Abin da ke ba ni haushi shi ne wai yabon ba ya cika sai an zagi Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata ta lumana, a ce matsoraci ne, ɗan amshin shatan Turawa.

Haba jama'a, matsoraci fa? Mutumin da aka jefa wa gidansa bam a 1956 matarsa da jaririyarsu suna ciki, lokacin da baƙaƙen fata a Montgomery suka ƙaurace wa motocin safa saboda wariyar launin fata, yana jagorantarsu, har kwana 381 suna takawa a ƙasa zuwa wajen aiki, kuma bai fasa ba, aka yi ta kulle shi yana fitowa yana komawa titi. Wallahi ka tsaya ɗan sanda ya sako maka kare ka ƙi ramawa, don kyamara ta ɗauka duniya ta gani, ba ƙaramin mai zuciya ke iyawa ba. Da wannan dabarar aka matsa wa majalisar Amurka ta yi dokar haramta wariya a 1964 da ta 'yancin zaɓe a 1965.

Eh, sun saɓa sosai. Malcolm yana ganin in an mare ka ka kare kanka, har gangamin Washington na 1963 da su King suka shirya sai da ya yi wa ba'a. Amma shi da kansa, ana saura makonni a kashe shi, ya je garin Selma lokacin King yana tsare a can, ya nuna wa matarsa Coretta cewa taimako ya kawo shi, in Turawa suka ga irinsa za su fi saurin sauraron mijinta. To kai da ke zagi daga wayarka, ka fi Malcolm sanin King ne?

King ma harsashi ne ya ɗauke shi a Memphis a watan Afrilu 1968, ya je mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu, yana da shekara 39 kamar Malcolm. Edita, idan Afrilu ta zo ku kawo mana tarihinsa shi ma.

Naku,
mai karatu daga Zariya