Zuwa ga Baban da ya tambaye ni ko mutuwa da zafi

Baba, ina gaisuwa irin ta 'ya da uba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranar da aka gayyace ni yin bayani a kan kula da tsofaffi, har an fara shirin tashi sai ka ɗaga hannu. Ka ce shekararka 76, abokan ƙuruciyarka saura biyu, kuma yau wata da watanni kana farkawa wajen ƙarfe uku na dare gabanka yana dukan uku-uku, ka dafe ƙirji kana ƙirga bugun zuciyarka. Sannan ka ce, "Ke da kika yi shekara talatin kina jinyar masu barin duniya, ki gaya mini tsakaninki da Allah, da zafi? Kuma wannan tsoro nawa raunin imani ne?" Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na ba ka guntuwar amsa, irin ta wadda ake ta nuna wa agogo, abin bai bar ni na yi barci mai daɗi ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, kuma na ga masu furfura da dama suna gyaɗa kai, bari in amsa a bainar jama'a.

Ta biyun ta fi sauƙi, da ita zan fara. A'a, Baba. Na zauna a gefen gadon masu ibadar da ko ƙafarsu ban kama ba, na ga hannunsu yana rawa. An halicci jiki yana gudun abin da zai halaka shi, shi ya sa kake janye hannu daga wuta kafin ka yi tunani. Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun sha gano cewa matasa da masu matsakaicin shekaru sun fi tsofaffi fargabar mutuwa. Don haka idan naka ya taso da ƙarfi a yanzu, akwai abin da ya tsokano shi, kada ka ɗora wa tsufa ko imaninka laifi.

Abin da aikina ya koya mini shi ne, wannan da ake kira tsoron mutuwa ƙunshi ne, an haɗa abubuwa daban-daban an ɗaure. Muddin yana ɗaure ba ya ɗaukuwa. In aka kwance, sai a ga wani na likita ne, wani na iyali ne, wani na takarda da biro ne. Wanda ya shafi abin da ke bayan mutuwa na bar wa malamai, sun fi ni. Tafiyar kanta ita na sani.

Mafi yawan waɗanda tsufa ko doguwar jinya ta ɗauka, gajiya ce take fara zuwa musu. Barci ya ƙaru, farkawa ta ragu. Ci da sha su fita daga rai, iyali su tayar da hankali suna cewa yunwa za ta kashe shi, alhali jikin ne ya daina nema. A lokacin ɗura ba ta da amfani, shaƙewa take jawowa. Auduga mai ɗan ruwa da za a goga masa a leɓe ta fi masa daɗi. Daga nan wani barcin yakan zarce ya zama suma, mutum bai san ya tsallaka ba, kamar yadda ba ka taɓa kama daidai lokacin da barci ya sace ka ba. Numfashi yakan canja: ya yi sauri da zurfi, ya lafa, ya tsaya na ɗan lokaci, ya dawo. Likitoci biyu a Dublin, John Cheyne a 1818 da William Stokes a 1854, su suka yi bayaninsa, har yau da sunansu ake kiransa.

Sai gargara, wadda na tabbata ita ka ji a bakin wani abokinka ta tsaya maka a kunne. Yawu ne da majina suke taruwa a maƙogwaro saboda mutum ya yi nisa, ba ya haɗiya, ba ya tari, iska tana ratsa su tana ƙara. Na tsaye a kansa ya fi shi shan wahalarta. Mukan juya shi ya kwanta ta gefe, sau da yawa ƙarar ta ragu. Kunne kuwa yana daɗewa yana aiki. A 2020 masu bincike a Kanada sun auna ƙwaƙwalwar majinyata da suka daina amsawa, sa'o'i kafin cikawarsu, suka ga har lokacin tana motsawa in an yi sauti. Shi ya sa nake ce wa iyali su yi ta magana, su kuma kiyaye abin da suke faɗa a kan mutum.

Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai cututtuka masu zafi, ciwon daji na cikinsu. Amma zafin na cutar ne, kuma yana jin magani. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe a Landan a 1967. Ta nace a kan a riƙa ba da maganin zafi, irin su mofin, a kan lokaci, kada a jira ciwo ya dawo mutum ya yi ta roƙo. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku, daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Mofin da likita ya auna daidai ba ya gaggauta ajali, duk da jita-jitar da ake yi. A Boston an yi gwaji a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, aka wallafa a 2010: waɗanda aka fara ba su irin wannan kulawa ta sauƙaƙa zafi da wahala da wuri sun fi samun kwanciyar hankali, kuma rabinsu sun kai wata 11.6 a raye, alhali a cikin waɗanda ba a fara ba su da wuri ba wata 8.9 rabin suka kai. Inda gizo ke saƙar shi ne, hukumar ta ce kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar wannan kulawa suke samun ta. Don haka tun kana da ƙarfinka ka tambayi likitanka inda ake samun ta, kuma 'ya'yanka su ji amsar da kunnensu.

Saunders ɗin nan ta ce zafi ba na jiki kaɗai ba ne, har da na zuciya, da na iyali, da na ruhi. Na ga haka da idona. Wata dattijuwa da na yi jinya ba ta yarda a kashe fitila, duk dare sai ta kama gefen gado tana haki. Aka ƙara magani, shiru. Ran nan ina canja mata zanen gado na ce, "Mama, me kike gani in kin rufe ido?" Ta ce ɗanta. Yana da shekara arba'in da wani abu, ba ya magana tun haihuwa, ita kaɗai ta san in ya ja kunnensa na hagu ciki ne ke masa ciwo. Muka samo littafin rubutu, tana faɗa ina rubutawa: lokacin maganinsa, ƙarar da ke firgita shi, yadda ake lallaɓa shi ya yi wanka. Kwana uku muka yi, shafi goma sha ɗaya. 'Yarta ta karanta mata a bayyane tana kuka, ta ce ta ɗauka. Daren nan dattijuwar da bakinta ta ce a kashe fitila.

To kai, Baba, me kake gani in ka rufe ido? Bashi ne, naka ko na wani? Wasiyya ce ba ka rubuta ba? Wani ne kuka daina gaisawa? Ko tsoron zama nauyi ne, a riƙa ɗaga ka ana kwantarwa? Wannan na ƙarshen shi maza suka fi ɓoyewa, a iya abin da na gani.

Na san abin da zai faru in ka ɗauko zancen a gida. Za su ce, "Haba Baba, ka daina wannan magana, da sauranka." Ƙauna ce, amma ƙaunar da take barin ka kai kaɗai da abin cikin dare. Ku kuma 'ya'ya da kuke karanta wannan, in tsohonku ya fara, ku ajiye waya ku zauna. Faɗar mutuwa ba ta kawo ta. Ku tambaye shi a ina yake so a yi jinyarsa, wa zai yi magana a madadinsa in ya kasa, ko yana son a sa masa na'urar numfashi. Na ga 'yan'uwa suna cacar baki a ƙofar ɗakin majinyaci saboda ba wanda ya taɓa tambaya.

Farkawar ƙarfe ukun nan kuma, ka kai ta wurin likita a makon nan. Bugun zuciya da ya rikice, da ɗaukewar numfashi cikin barci, da wasu magunguna, da ciwon damuwa, duk suna iya tashin mutum a firgice, kuma duk ana maganinsu. Kafin nan, in ta zo kada ka kwanta cikin duhu kana ƙirge. Tashi zaune, kunna fitila, ja numfashi a hankali, fitarwar ta fi shigarwar tsawo, ka yi addu'ar da bakinka ya saba.

Ni ma, da duk abin da na gani, wani daren gabana yakan faɗi. Nawa ƙunshin da na kwance, jikata ce a ciki.

Ka ce abokanka saura biyu. In kun haɗu, tambayi kowannensu ƙarfe nawa yake farkawa.

'Yarka,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya