A riƙa auna zaƙin 'ya'yan itace kafin a tsinke su

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu lambu kan 'ya'yan itace masu ƙwallo guda a tsakiya, irin su fich da fulam da afirkot da ceri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen su da ido: girma da jan fata kawai ake dubawa, zaƙi kuwa sai an kai baki a ji lami.

Alhali zaƙi abu ne da ake aunawa. Akwai 'yar na'ura mai suna rifiraktomita, wadda ake riƙewa a hannu. Ina matse ruwan ɗan itacen, in ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashinta, in rufe, in ɗaga ta wajen haske, sai layi ya fito ya tsaya a kan lamba. Ma'aunin ana kiransa Brix, sunan wani Bajamushe na ƙarni na 19, kuma digiri 1 na nufin giram 1 na sukari cikin giram 100 na ruwan. Fich da ya kai 12 ya yi daɗi, ceri mai kyau kan haura 16. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, don tsami mai yawa yana danne zaƙi, dole harshe ma ya yi nasa aikin.

Ga inda mutane da yawa ke yin asara. Mangwaro yana tara sitaci wanda ke juyewa ya zama sukari, shi ya sa yake ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Fich ba ya haka. Sukarin da ya sauko da shi daga bishiya shi ke nan, laushi kawai zai yi. Wanda ya yi gaggawar tsinka don kaya su jure tafiya ya yanke wa zaƙin hanya da hannunsa.

Saboda haka a bishiya ake gyara. A rage 'ya'yan tun suna ƙanana, in fich ne a bar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. Wallahi akwai ciwo ka ga ƙasa cike da 'ya'yan da ka zubar da kanka, amma ganyen da ke ciyar da biyar ba zai ƙosar da ashirin ba. A datse rassa rana ta ratsa ciki, domin 'ya'yan da ke inuwa sun fi ƙarancin sukari. A sassauta takin naitirojin, kada kuma a cika ban ruwa dab da tsinka.

Sai ajiya. Sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius yana lalata fich, cikinsa ya bushe ya zama gari-gari. Kusa da digiri 0 ya fi masa.

Ina roƙon dillalai su riƙa tambayar lambar Brix kafin su yi ciniki, malaman gona kuma su koya wa masu lambu amfani da na'urar.

Naka,
Wani mai lambu