Wasiƙa zuwa Damagaram: Ƙurar Hunturu da PS4 ɗinka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya sanyi? Allah ya sa kowa lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma saurari muryar da ka ɗauko min ta PS4 ɗinka, na'urar wasan bidiyo. Gaskiya tana gurnani kamar injin markaɗe, amma kwantar da hankalinka, ba lalacewa ta yi ba. Ƙura ce ta toshe mata hanyar iska, shi ya sa fankar ke wahala tana neman sanyaya cikin. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ku kuwa kun fi mu kusa da bakin hanyarta.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne da ka ce za ka kai ta wurin mai faci ya busa mata iska. Don Allah kada ka yi. Iskar kwampreso tana da ƙarfin da ya wuce kima, kuma sau da yawa tana fitowa da danshi da ɗan mai daga cikin tanki. Ga shi idan ta bugi fanka za ta juya ta da gudun da ba a ƙera ta don shi ba, ta ci mata gindi. Daga nan sai sayen sabuwa.

Tunda taka Slim ce, irin wadda Sony ya fitar a 2016, aikin da sauƙi. Kashe ta gaba ɗaya, kada ka bar ta a yanayin hutun nan mai fitila ruwan lemo. Zare wayar wuta da duk sauran wayoyi, ka bar ta ta huce. Kafin ka taɓa cikinta, dafa wani ƙarfe tukuna, saboda wutar nan da ke tsikarin mutum idan ya taɓa bargo lokacin sanyi tana iya ƙona ƙananan kayan ciki. Murfin sama ba shi da noti: ɗaga kusurwoyin gaba biyu da yatsu, ka ja shi baya, zai fita. Nan take za ka ga fankar. Danne ta da yatsa ɗaya kada ta juya, ka bi fukafukanta da burushi mai laushi, sabon burushin fenti ƙarami ya wadatar. In ka samu gwangwanin iska na goge kwamfuta, riƙe shi a tsaye, ka riƙa fesawa kaɗan-kaɗan. In ka karkata shi ruwa mai sanyi yake fitarwa. Ramukan gefe da na baya ma ka share su. Ruwa, fetur ko kananzir kada ko ɗaya ya kusance ta, busasshen ƙyalle kawai.

A nan nake so ka tsaya. Idan bayan wannan gurnanin bai ragu ba, ƙurar ta daskare ne a can cikin ƙarfen da ke zuƙe zafi, ko kuma man da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwar na'urar ya bushe. Wannan aikin mai gyara ne da ya saba. Akwatin wutar da ke ciki yana riƙe caji ko bayan an zare waya, kuma wuri ne da kyankyasai ke son ɓuya saboda ɗumi.

Sai maganar lulluɓe ta da kake yi. Rufe ta da ƙyalle idan tana kashe abu ne mai kyau, amma ka gaya wa yara su yaye shi kafin su kunna. Ɗauke ta daga kan kafet, ka ɗora a tebur, ka bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango.

PS5 ɗin da kake tara wa kuɗi, wadda ta fito a 2020, an yi mata ramukan tara ƙura a ƙarƙashin murfi, ana zuƙe su da injin shara mara ƙarfi. Idan ka saya zan yi maka bayaninta.

In ka gama, sake ɗauko min muryarta in ji. Ka gaishe min da Hajiya da su Baba, da duk mutanen gida.

Naka har kullum,
amininka na Kano.