Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sandan Najeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan halin da ƙananan 'yan sanda da iyalansu suka shiga a lokacin annobar korona, tun kafin wata annobar ta sake riskar mu.

Da Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja a ranar 30 ga Maris 2020, aka kuma kulle Kano a watan Afrilu, kowa an ce ya zauna gida, amma ɗan sanda sai aka tura shi kan titi. A farkon Mayu aka sanya dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, ga kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Kofur ko sajen da aka ajiye a shinge ya yini cikin rana da azumi a bakinsa, yana cuɗanya da jama'ar da ke cike da yunwa da fushi. Wanda iyalinsa ke wata jiha ya daɗe bai sa su a ido ba. Wanda kuwa ke zaune a bariki, da dare yake komawa ɗaki ɗaya ko biyu inda yara ke cunkushe saboda an rufe makarantu, sana'ar maiɗakinsa ta tsaya, shi kuma yana fargabar ko ya kwaso musu cuta a jikin kakinsa.

A tsakiyar Afrilun 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar kulle. Gajiya ba hujja ba ce ta zubar da jini, kuma dole a hukunta masu laifi. Sai dai mutumin da bai yi barci ba, hankalinsa na gida, bai kamata a bar masa bindiga a shinge ba.

Roƙona shi ne a rubuta tsari tun yanzu, wanda zai ƙayyade sa'o'in aiki a lokacin annoba, ya tabbatar da karɓa-karɓa da hutun ganin iyali, ya kuma tanadi wurin killace jami'in da ya kamu a wajen bariki. Asusun Tallafa Wa 'Yan Sanda da aka kafa da dokar 2019 yana iya ɗaukar nauyin ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin rundunar, inda kurtu zai faɗi damuwarsa ba tare da maganar ta kai kunnen maigidansa ba.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kano